Ruwan Gishirin da Ban Ɗanɗana Ba

Shekara huɗu na yi ina tara mata a gindin darbejiyar ɗakin shan maganin da nake aiki a ƙasar Zurmi, ina koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari. Ruwa mai tsabta cikin kwalbar lemo biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sukari cokali goma a shafe. Sai abu na ƙarshe, wanda nake ɗaga murya a kansa har mata suka laƙa mini suna Luba Ɗanɗana: kafin ki ba ɗanki, ki kai bakinki. In ya fi hawaye gishiri, zubar ki sake. Ba ni da haƙuri da wadda ta manta. Na taɓa sa wata baiwar Allah daga rugagen Moriki ta sake haɗawa sau uku a gaban jama'a, tana ƙwalla ina faɗa. Na fara da wannan ne don a san wace ce ta aikata abin da zan ba da labari.

Mijina Malam Bashiru malamin makaranta ne a Ƙaura. Da aka fara Shari'a a jiharmu sai ya samu gurbin ƙaro karatu a Khartum, ya tafi ya bar ni da tsohon ciki. 'Yarmu Nana na da wata tara, bai taɓa sa ta a ido ba, wasiƙarsa ta zo cewa ya samar mini wuri a makarantar koyon jinya, in taho. Jirgin sama ya fi ƙarfinmu. Yayana Lawali, mai fataucin fata a kasuwar Shinkafi, ya taɓa shiga Cadi sau biyu, don haka aka ce shi zai raka ni ta ƙasa.

A Njamena aka fara nuna mana baƙi ne mu. Wani dillali mai farar jallabiya da casbi har gwiwa ya rantse mana cewa motarsa bas ce mai kujeru, kwana uku za ta kai mu bakin iyakar Sudan. Kwana huɗu muka yi a wani zaure muna jiran bas ɗin nan. Da ta zo, ashe babbar motar kaya ce an danƙare ta da buhunan albasa, mutane a sama. Dillalin kuwa ko ƙurarsa. A zauren nan muka ji an ga watan azumi.

Mata ne gefe guda a saman motar. Wata mai ƙiba ta tambaye ni da Larabcinsu daga ina, na ce Nijeriya, Zamfara. Sai ta zaro ido ta kama hannuna ta ɗaga sama tana nuna wa sauran: "Zamfara! Shari'a!" Ashe labarinmu ya riga mu zuwa ta rediyo. Aka matsa mini wuri mai kyau, aka kare wa Nana rana da mayafi. Wallahi kaina ya kumbura. Na zauna na miƙe wuya kamar ni na kawo Shari'ar da hannuna.

Rana ta biyu Yaya Lawali ya ajiye azumi, da shi da mafi yawan mazan. Da muka tsaya a wata rijiya ya zagayo ya same ni.

"Ke Luba, aje azumin ga. Matahiya kike, kuma shayarwa kike. Allah da kansa ya yahe miki."

"Yaya, duk motag ga sun san daga Zanhwara muke. In kwankwaɗi ruwa da rana tsaka su ce mi?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Su za su ba ɗiyag ga nono?"

"Nonona lahiya lau yake," na ce, na juya masa ƙeya.

Ba lafiya lau yake ba. Kafin mu kai Abeshe na ji ƙirjina ya yi sakayau, Nana na kamawa ta saki ta yi kuka. Na ce gajiyar hanya ce. A bakin iyaka, wajen binciken kaya, aka sauke komai aka baje a ƙasa, 'yan dako suka yi mana caa. Da aka mayar da kaya babu ƙaramar jakata. A cikinta akwai ƙullin gishirin asibiti guda goma da na tanada, da ɗan cokalin roba na awo da nake koyarwa da shi. Na zagi ɓarawon har muryata ta dushe, da azumin a bakina.

A Janaina wata mai shayi ta gan ni ina dama wa Nana kunu da tsinke. Ba mu jin yaren juna. Ta goge cokalin da take aiki da shi a gefen zanenta ta miƙo mini, na nemi in biya ta ƙi, ta dafa ƙirji ta nuna sama. Har yau cokalin na nan a akwatina. Ya fi ƙaramin cokalinmu na gida zurfi da faɗi, amma a ranar alherin kawai na gani.

Daga nan wata motar ta kai mu Niyala, inda layin dogo ya ƙare, kamar yadda namu ya ƙare a Ƙaura. Da na ji kukan jirgin sai na tuna gidanmu na bayan tasha, da Inna tana cewa a kwashe shanya jirgi ya iso. Na zauna kan buhu na yi kuka mai isata, Yaya ya yi kamar bai gani ba. An gargaɗe mu cewa tafiyar kwanaki ce kuma ba a dogara da ruwan cikin jirgi, sai Yaya ya sayi babbar jarka cike a hannun wani mai amalanke, an ɗaure bakinta da leda tam. Sai da jirgi ya yi nisa muka kwance. Warin man gas ya buge mu. Jarkar mai ce aka ɗauraye sama-sama, ruwan har wani shuɗi-shuɗi yake yi a sama. Abin da ya rage mana shi ne gorar Yaya da kwalbar lemo ɗaya da nake riƙe da ita tun daga gida.

A ranar Nana ta fara zawo.

Ban firgita ba da farko. Zawo ai aikina ne, na ga ɗaruruwa. Na sayi gishiri da sukari a hannun masu talla ta taga a wata tasha. Gishirin gari ne lukui, ba irin namu mai tsakuwa ba, sukarin kuma ɗan ƙulli ne da bai taka kara ya karya ba. Ruwa kwalba ɗaya gare ni maimakon biyu. Abin da ya kamata in yi shi ne in raba komai biyu. Jirgi na girgiza, Nana na tsala kuka a cinyata, na ɗebo gishiri da cokalin mai shayi, na dube shi na ce ai ba shi da yawa, na zuba duka. A raina har ina cewa in ya ɗan yi ƙarfi zai fi saurin aiki. Na kai kwalbar bakina kamar yadda hannuna ya saba, sai na tuna ina azumi, ga mata sun zuba mini ido. Na sauke.

"Kawo in ɗanɗana miki," in ji Yaya Lawali. "Ni ba ni azumi."

"Yaya, kai ka san hwata, ni na san wanga. Sau dubu na haɗa shi."

Ya koma wurinsa. Da an sha ruwa ma ina iya ɗanɗanawa, babu abin da ya hana ni. Ban yi ba. Kullum da rana muke samun ruwa a tasha, in haɗa a take, kafin magariba ta shanye, ni kuma in faɗi kamar matacciya. Kwana uku haka.

Abin da ya yaudare ni shi ne yadda take sha. Tana ganin kwalbar za ta miƙo hannu biyu tana rawar jiki, ta shanye ta nemi ƙari. Na ce alhamdu lillahi, yaron da ke sha ba ya mutuwa, haka muke gaya wa mata. Na duba maɗigarta, ba ta faɗa sosai ba. Na tsunkuli fatar cikinta kamar yadda aka koya mana, ba ta tsaya a tattare ba. Sai dai wani irin laushi ta yi mai kauri, kamar ƙullin alkama da aka kwaɓa. Ban taɓa jin fatar yaro haka ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya mini ma'anarsa.

Rana ta uku kukanta ya canza. Ya zama siriri mai tsini, yana shiga kunne kamar ƙarar ƙarfe. In an taɓa ta sai ta zabura ta sandare, in an bar ta sai ta yi lamo, ido rabi a buɗe. Jikinta zafi rau. Tun safe ba ta jiƙa zane ba. Na kira ta, Nana, Nanata, ta dube ni kamar ba ta san ni ba. A nan ne tsoro ya shige ni na gaske. Na rasa abin yi sai na ƙara haɗa wata kwalbar.

A tashar Sinnar wata tsohuwa ta shigo da kwandon kuɓewa busasshiya a kai. Ta ji ina yi wa Yaya magana sai ta tsaya cak.

"Ku mutanen ina ne?" ta ce da Hausa, irin ta kakanninmu.

Na ɗago kamar an kira ni daga gida. Yaya ya ce mutanen Ƙaura. Ta ajiye kwando ta ce sunanta Hajja Kaltume, daga Mai Wurno take, kakanta daga ƙasar Zamfara ya taso da ƙafa za shi Makka, bai ƙarasa ba kuma bai koma ba. Ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Tana magana idonta na kan Nana. Ta miƙo hannu ta karɓe ta, ta sa yatsa a bakinta, ta ciro a bushe.

"Ɗiyata, ina za ku?"

"Khartum, Inna. Ubanta na can."

"Yarinyag ga ba ta kai Khartum. Ku sauka Madani. Akwai asibitin yara, ni ma can za ni gun ɗiyata. In kai ku."

Na buɗe baki zan ce ni ma'aikaciyar lafiya ce. Yaya ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba, na rufe bakina.

Da hantsi muka isa asibitin. Hajja Kaltume ta ratsa layi tana faɗa da Larabci, Nana a kafaɗarta, mu muna bin ta kamar 'ya'yanta. Aka ɗebi jini a ƙafar Nana, ko motsi ba ta yi ba. Likitar da ta zo mace ce siririya mai farin lulluɓi, ana ce mata Daktora Amal. Ta iya Turanci, ni ma ina da na aiki. Ta tambaye ni me nake ba Nana, na faɗa da ƙarfin gwiwa, har da cewa ni ke koyar da shi a ƙasarmu. Ta ce ina sauran? Na ciro kwalbar, da saura kamar rabi. Ta ɗiga a bayan hannunta ta taɓa da harshe ta tofar. Ta miƙo mini.

"Ina azumi," na ce.

"Ni ma ina yi. Ki ɗanɗana."

Na kai bakina. Wayyo Allah! Kamar na lashi gishirin da ake ajiye wa shanu. Harshena ya ƙanƙance. Wannan na yi kwana uku ina ɗura wa 'yata, tana karɓa da hannu biyu saboda ƙishin da shi ɗin ne ke ƙara mata. Na zauna a ƙasan siminti.

Da sakamakon jini ya fito Daktora ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce akwai sinadarin gishiri a jinin kowa, sodiyam suke ce masa, kuma yana da iyakar da ba ya wucewa. Na Nana ya wuce ta nesa ba kusa ba. Zawo ya kwashe ruwa, nono ya ragu, ni kuma na ƙara gishiri. In jini ya yi gishiri haka, sai ya riƙa zuƙo ruwa daga naman jiki don ya tsarma kansa. Shi ya sa fata da maɗiga ba su nuna ba, jinin na cike, naman ne ke bushewa. Inda abin ya fi muni kuwa ƙwaƙwalwa ce, don takan tsuke ta janye daga ƙoƙon kai, har ƙananan jijiyoyi su iya tsinkewa.

"To a ba ta ruwa!" na ce. "A sa mata ledar ƙarin ruwa biyu, a buɗe!"

Ta girgiza kai. Ta ce nan ne mutane ke kashe yara da kyakkyawar niyya. Ƙwaƙwalwar da ta kwana biyu cikin gishiri takan tara wasu sinadarai nata don ta riƙe ɗan ruwan da ya rage. In aka kwararo ruwa lokaci ɗaya, sai ta zuƙe shi ta kumbura, ƙoƙon kai kuma ba ya buɗewa. Hajja Kaltume da aka fassara wa ta gyaɗa kai ta ce mini, "Kamar ki jiƙa wake cikin gora ki toshe bakinta." Daktora ta ce bayan ruwan farko na farfaɗo da ita, sauran a hankali za a sauke gishirin, kwana biyu ko fiye, ana auna jini bayan 'yan sa'o'i. Ta ce shekaru ke nan tana bincike a kan yaran da ke zuwa musu da wannan ciwo, mafi yawansu daga doguwar hanya, tana rubuta saurin da aka sauke wa kowane da abin da ya biyo baya. Har yanzu, in ji ta, akwai abin da likitoci ba su gama sani ba. Abin da ta tabbata da shi ɗaya ne: kada kowa ya taɓa ledar nan.

Na ce to. Na ajiye azumi a ranar, Hajja ta kawo mini kunun gero da madara ta tsaya a kaina sai da na shanye. Yaya ya tafi neman inda zai buga wa Malam waya.

Wanda bai taɓa zama gaban ledar ƙarin ruwa yana ƙirga ɗigo ba ba zai gane ba. Ɗigo ɗaya ya taru, ya yi lilo, ya faɗo. Ka jira. Ka jira. Wani ya taru. Leɓen Nana duk ya tsage, harshenta kamar busasshen ganye. A wurin aikina in yaro ya zo a bushe buɗe leda muke yi ta zuba, ka ga yaro ya farfaɗo a gabanka. Hannuna ya san 'yar ƙafar robar da ake murzawa don ƙara gudun ruwa kamar yadda ya san cokali. Kwana ɗaya na daure. Aka auna jini sau huɗu, kowane lokaci Daktora ta ce yana sauka yadda take so. Ni kuwa abin da nake gani shi ne 'yata ba ta buɗe ido ba.

Washegari Juma'a ce. Da azahar ɗakin ya yi tsit, maza sun tafi masallaci, ma'aikaciyar jinya ɗaya ce ta rage kuma tana can ƙarshen ɗaki wurin wani yaro. Hajja ta fita alwala. Na dubi Nana, na ga kamar numfashinta ya yi ƙasa. Wata zuciya ta ce mini likitar nan bincikenta take yi, so take ta cika takardunta, 'yarki ce abin gwaji. Wata ta ce kaɗan kawai, ba wanda zai sani. Na miƙa hannu na murza. Ɗigon ya zama zare.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga ledar ta ragu a fili. Har na fara jin sanyi a raina, don na ga kamar leɓenta ya yi taushi. Sai hannunta na hagu ya fara karkarwa. Daga hannu ya hau fuska, bakinta ya karkace, idanu suka juye sama, duk jikin ya ɗauki jijjiga, gadon ƙarfen na ƙara.

Ihun da na yi ya shigo da Hajja da gudu, hannunta na ɗigar ruwa. Kallo ɗaya ta yi wa ledar ta gane. Ta damƙe robar ta lanƙwasa ta a tafin hannunta, tana ƙwala wa ma'aikaciyar kira. Aka zo aka ture ni gefe. Allura, abin shaƙa, gudu, Larabci ta ko'ina. Daktora ta iso lulluɓinta na jan ƙasa. Ina tsaye jikin bango ina cewa Innalillahi, ban iya ƙarasawa. Da jijjigar ta lafa ta dubi ledar, ta dubi awon da ta rubuta da safe, sannan ta juyo.

"Wa ya taɓa?"

Hajja ta yi saurin cewa wani abu da Larabci. Daga baya na ji cewa ta yi wai ita ce zanenta ya ja robar. Tsohuwar da ba ta san ni ba sai jiya. Na ce, "Ni ce."

Na zaci mari ko kora. Daktora ta dube ni, idonta ya yi ja. Ta ce, "Sau biyu ke nan kin yarda da hannunki fiye da kowa. Ba ta da ƙarfin na uku." Ta sa aka matsar da kujerata ɗaya gefen gadon, nesa da ledar, ta naɗe 'yar robar da filasta ta sa hannu a kai. Hajja ta zauna a tsohon wurina. Ba ta tafi gidan 'yarta ba sai da muka bar asibitin.

Malam Bashiru ya iso ranar Asabar da la'asar, Yaya na biye da shi. Ganinsa na farko da 'yarsa ke nan, kwance da roba a hanci. Na gaya masa komai a tsaye, azumin, cokalin, ledar, ban rage ba. Na so ya yi faɗa in samu sauƙi. Ya sunkuya ya riƙe ƙafar Nana a tafinsa ya ce, "Da na rubuto miki ki aje azumi in kin taso. Kullum ina karanta babin azumin matafiyi, ban tuna ba." Yaya Lawali ya juya ya fita waje, na ga kafaɗunsa na rawa.

Rana ta huɗu da safe ina matsa mata nono a leɓe da yatsa, sai na ji ta kama yatsan. Ta buɗe ido ta yi kuka, kukanta na da, mai kauri, na rigima. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Na ɗora ta a ƙirji ta kama. Hajja ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, aka zo ana ba ta haƙuri.

Ranar sallama na tambayi Daktora abin da ke cina: ƙwaƙwalwar Nana ta taɓu? Kuma in ta taɓu, gishirin ne ko ledar? Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ta sani ba. Yaran da gishirinsu ya kai na Nana wasu kan yi jijjiga ko ba a taɓa leda ba, wasu kuma saurin ruwan ke jawo musu. Abin da zai biyo baya sai shekaru sun nuna, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ba ta wuya a bincikenta, don matafiya in sun tafi ba a sake jin ɗuriyarsu. Ta roƙe ni, in na yarda, in riƙa rubuto mata duk shekara: yaushe ta zauna, yaushe ta taka, yaushe ta yi magana. Ta kuma nemi in bar mata kwalbar. Na bar mata ruwan, na ce kwalbar tawa ce.

Shekara uku muka yi a Khartum, na gama karatuna, ban fasa wasiƙa ko sau ɗaya ba. Kowace wasiƙa sai na yi kwanaki ina juya ta kafin in rubuta. Nana ta taka tana da shekara biyu saura kaɗan. Hannunta na hagu ba ya damƙe abu da kyau, har yau da dama take komai. Magana kuwa shiru. Shekara biyu, shekara uku, sai nuni da gurnani. In yaran maƙwabta na surutu sai in shige ɗaki. Ta wuce uku da rabi kafin kalmomi su fara fitowa, ɗaya-ɗaya, da nauyi, kamar tana ɗauko su daga nesa.

Da muka dawo aka mayar da ni ƙasar Zurmi, gindin darbejiyar nan. Mata suka ce Sudan ta canza Luba, ta daina faɗa. Yanzu kafin in fara sai in ajiye cokali biyu a tabarma, namu da na mai shayin Janaina, in ba su labarin nan duka, har da ledar. In azumi ne in gaya musu abin da malamai suka ce game da mai shayarwa da matafiyi, in ce wadda duk ba ta iya taɓawa da harshe ta tofar ba, ta nemi wanda ba ya azumi ya ɗanɗana mata, ko da ƙaramin yaro ne.

Wata ranar kasuwa cikin azumi, Nana na da shekara biyar, ta biyo ni wurin aiki. Ita ke riƙe mini kwalba, ta manna ta a ƙirji da hannun dama, na hagun na tallafe daga ƙasa. Na auna, na zuba, na girgiza, ina ta bayani. Aka miƙo wani jariri mai zawo, na ɗebo a cokali zan nuna yadda ake ba shi. Hankalina na kan uwar da ke yi mini tambaya. Sai na ji an ja mini hijabi.

"Inna," ta ce, a hankali, tana neman kalmar. "Kin... ɗan... ɗana?"

Matan suka fashe da dariya. Na dubi cokalin a hannuna, ya kusa bakin jaririn. Ban ɗanɗana ba. Na durƙusa a gabanta na taɓa da harshena na tofar, daidai yake, bai fi hawaye ba, kuma a lokacin ina da abin gwadawa a kumatuna.

Da na koma gida na ɗauko takarda na rubuta wa Daktora. Na sa mata tsayi da nauyi da yadda hannun yake, kamar kullum. A ƙasa na ƙara layi ɗaya: yau ta tambaye ni ko na ɗanɗana, abin da na hana yayana ya yi mini, kuma ita na amsa mata.